Bindigar tsaron gida ga mai ƙaramin jiki: inda masu saye suka fi yin kuskure

A shagunan sayar da bindigogi na Amurka akwai abin da ake maimaitawa kusan kullum. Magidanci zai shigo da matarsa, ya ce yana son bindigar da za a ajiye a gida saboda ɓarayi, amma wadda ba za ta ɓalla mata kafaɗa ba. Mai shago ya sauko da wadda ta fi kowacce ƙanƙanta da rashin nauyi, ta ɗaga ta ji kamar kara, kowa ya yi murna, a biya kuɗi. Ranar da aka je filin koyon harbi, uku za ta harba ta ajiye, kafaɗa ta yi tsami, kumatu ya tasa. Daga nan bindiga ta koma bayan kabad, ba mai sake taɓa ta.

Bindigar da ake magana a kai ita ce shotgan, wadda harsashinta ke ɗauke da ƙwayoyin dalma masu yawa maimakon guda ɗaya. Danginta ne mai baki biyu ta mafarauta, da wadda ake zuge mariƙinta gaba da baya kafin kowane harbi. Dukan da take yi wa kafaɗa idan ta tashi kuwa, shi zan riƙa kira naushi.

Kuskuren farko, kuma uban sauran, shi ne ɗauka cewa bindiga marar nauyi ita ce mai sauƙin naushi. Abin a juye yake. Ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne yake turo bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne yake shanye shi kafin ya iso jikin mutum. Da za a rage kashi ɗaya cikin biyar na nauyin bindiga a bar harsashi yadda yake, naushin zai ƙaru da kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ƙaramar bindigar da ba ta kai kilo 3 ba take iya gigita mutum fiye da mai kilo 3 da rabi. Gyaran shi ne a nemi mafi nauyin da mai bindigar zai iya ɗagawa ya riƙe a kafaɗa na minti ɗaya ba tare da hannu ya fara rawa ba. Kuma a lura da inda nauyin ya taru: idan a gaba yake, can wajen baki, zai gajiyar da mai gajeren hannu ko da bindigar ba ta da nauyi sosai. Masu jibga wa gaban bindiga ƙarin rumbun harsashi da tarkace suna ƙara wa kansu wannan matsalar ne.

Na biyu ya shafi lamba. Ana auna faɗin bututun shotgan da abin da ake kira geji, kuma lissafinsa na da ne: idan aka raba fam ɗaya na dalma gida 12 aka mulmula, ƙwallo ɗaya ya cika bututun daidai, to geji 12 ke nan. Don haka lamba na ƙaruwa, bututu na tsukewa. Geji 12 yana da faɗin kusan milimita 18.5, geji 20 kusan 15.6. Mutane sun haddace cewa "20 ta mata da yara ce", sai su tsaya nan. Amma da yake ana ƙera geji 20 da rashin nauyi, sau da yawa sauƙin da ƙaramin harsashi ya kawo, rashin nauyin ya cinye shi. Ga kuma wani abu: a geji 12 ne aka fi samun harsasan da aka rage wa ƙarfi musamman don tsaron gida. Harsashin 00 (lambar girman ƙwayoyinsa ce) na yau da kullum, mai tsawon inci 2¾, yana ɗauke da ƙwaya 9, kowacce kusan milimita 8.4, yana fita da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa. Wanda aka rage wa ƙarfi, irin na kamfanin Federal, yana fita da kusan mita 350, wani ma ƙwaya 8 ne a ciki. Ragin gudun kaɗai yana sauke kusan kwata na naushin. A geji 20 zaɓin bai kai haka yawa ba. Abin da aka fi samu shi ne harsashi mai ƙwayoyi lamba 3, ƙanana da na 00, guda 20 a ciki. Ban ce 20 ba ta da kyau ba. Mutumin da geji 12 ta yi wa kauri da nauyi, 20 ce tasa. Amma a gwada kafin a yanke hukunci, kada lamba ta yanke.

Harsashin magnum, wato mai ƙarin ƙarfi, mai inci 3 kuwa, a bar wa masu farautar dinya. Cikin ɗaki ba abin da zai ƙara sai azaba.

Abin da na fi so a tsaya a kai shi ne tsawon gindin bindiga, domin nan ne yawancin ciwon yake, kuma nan ne aka fi mantawa. Daga kunama zuwa ƙarshen gindin da ke zama a kafaɗa, yawancin bindigogin kasuwa suna da inci 14 zuwa 14 da rabi, an auna su ne da jikin namiji matsakaici. Mai gajeren hannu idan ya ɗauki irin wannan, dole ya miƙe hannun gaba gaba ɗaya, ya karkace jiki, ya ja kai baya. Gindin sai ya zame daga lungun kafaɗa ya koma kan dantse, inda ba tsokar da za ta tare shi. Bindigar ta tashi, ta daki ƙashi, ta ɗago ta mari kumatu. Riga ce ta wani aka ara, ba laifin mai sawa ba ne idan ta yi masa burum. Inci 12 zuwa 13 ya fi dacewa da mai ƙaramin jiki, har ma manyan maza da yawa sun fi jin daɗinsa a cikin gida. Bindigar Mossberg 500 tana da samfurin Bantam mai inci 13, da Super Bantam da ake iya mayarwa 12 ko 13. Remington 870, wadda ke kasuwa tun 1950, ita ma tana da samfurin matasa, kuma kamfanin Magpul na sayar da gindi mai faifan ƙari da ragi, na Mossberg 500 daban, na Remington 870 daban. A ɗora masa matashin roba mai laushi, amma a tuna matashin ma yana ƙara tsawo.

Wasu kuma sai su wuce gona da iri, su ce to a cire gindin baki ɗaya. Akwai irin su Mossberg Shockwave, gajeru masu mariƙin hannu kawai, suna da kyan gani a hoto. Ga sabon hannu mai ƙaramin jiki, ita ce mafi munin zaɓi, domin naushin duk a wuyan hannu yake sauka, saiti kuma ya yi wuya. Kada kuma wani ya ce zai yanke bututu da zarto a gida: dokar tarayya ta 1934 ta sa iyaka a inci 18, shi ya sa kamfanoni ke ƙera 18 da rabi.

Tsakanin mai zugewa da mai ɗura kanta ma ana kuskure. Ana yabon mai zugewa da arha da juriya, kuma gaskiya ne. Sai dai hannun mutum ne injinta, kuma idan tsoro ya zo, mai gajeren hannu yakan ja mariƙin bai kai ƙarshe ba, bindiga ta cije. Mai ɗura kanta da ke aiki da iskar albarushi, kamar Beretta 1301 ko A300, tana shimfiɗa naushin ya zo kamar turi maimakon duka. Tana da tsada, kuma ba kowacce ke jure harsashin da aka rage wa ƙarfi ba, don haka a harba akwati da dama na ainihin harsashin da za a ajiye a ciki, a tabbatar tana haɗiye shi.

Sai tatsuniyoyi. Ana cewa shotgan ba ta buƙatar saiti, wai ko ina ka nuna ta share ɗaki. A nisan mita 5, ƙwayoyin ba su fi tafin hannu bazuwa ba, kuskure yana nan daram. Ana cewa a sa harsashin tsuntsaye don sauƙi. Ya dace da koyo, amma ƙwayoyinsa ƙanana ne, ba a dogara da su. Manyan ƙwayoyi kuma suna ratsa bangon allon gidajen Amurka kamar takarda, wanda ba irin bangon bulo ko na ƙasa ba ne, don haka dole a san ɗakin wa ke bayan wane bango. A 2013 Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ce ya shawarci matarsa ta fita baranda ta harba mai baki biyu sama sau biyu. Masana doka suka yi masa ca, domin a wurare da yawa hakan laifi ne, kuma ya bar mutum da bindiga fanko. Fitila a jikin bindiga ta fi wannan amfani nesa: masu shigowa gida da tsakar dare ba duka ne ɓarayi ba, wani ɗanka ne ya makara.

Tsayuwa ma tana rage naushi kyauta. A fuskanci gaba, a ɗan rusuna, nauyi a kan ƙafar gaba, kumatu manne da gindi, hannun baya na jawowa, na gaba na turawa kamar mai ɗame baka. Wanda ya jingina baya don tsoro, shi bindiga ta fi duka. Darasi ɗaya wajen ƙwararren mai koyarwa, da abin toshe kunne, ya fi duk kayan ƙawa da za a saya.

A wajen ajiya ne kuskure ya fi tsada. A 2020 harbin bindiga ya zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado ba ma'aji ba ne. Akwai akwatunan ƙarfe da maƙalan bango masu lambar sirri da ke buɗewa cikin daƙiƙu.

Ga 'yan uwa da ke zaune can, a kula da takardu: wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da wasu 'yan togaciya, kamar lasisin farauta, kuma kowace jiha da nata ƙarin sharuɗɗan. A Najeriya kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa shotgan cikin bindigogin da sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, mai ɗura kanta ma ba ta cikin waɗanda ake ba wa wannan lasisin, riƙe kowacce ba lasisi kuma ɗauri ne.