Yadda Ake Gashin Jiki Ga Mai Rawar Hannu Ko Jan Ƙafa Alhali Gwaji Bai Nuna Komai Ba

Akwai larurar da ke sa hannu rawa ko ƙafa rauni ba tare da ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi sun lalace ba, domin saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓi ne ya rikice. Mai ita ba ƙarya yake yi ba, ko da yake a Garwa da Marwa, garuruwan arewacin Kamaru, akan fara zargin iska kafin a tuna da asibiti.

Sai a fara da likitan jijiyoyi ya tabbatar da cutar. Yakan yi gwajin Hoover, wanda aka bayyana tun 1908: idan marar lafiya ya ɗaga lafiyayyar ƙafa likita yana danne ta, dugadugin mai raunin yakan danna ƙasa da ƙarfinsa da kansa. Ya kamata a nuna masa wannan da idonsa, saboda shi ne shaidar cewa ƙarfin yana nan.

Daga nan mai gashin jiki, wanda muke kira kine, zai karɓi aikin, kuma dabararsa ita ce kawar da hankali daga gaɓar. Mai jan ƙafa ya tsaya dafe da tebur, yana karkata nauyinsa dama da hagu har takun ya fito, ko ya yi tafiya da baya yana ƙirga daga 100 zuwa ƙasa. Mai rawar hannu kuwa ya riƙa buga cinyarsa da ɗaya hannun a hankali, sau da yawa rawar takan bi wannan kiɗa har ta lafa.

A yi kaɗan kowace rana, kada a zage ƙarfi ranar da aka ji sauƙi, kuma ’yan gida su daina zura wa ƙafar ido.