Yadda za a raini yaro a ƙwallo bisa tafarkin 'yan wasan Burazil

Neymar, Ronaldinho da Vinicius Junior duk a ƙaramin fili suka fara, a wasan futsal na mutum biyar-biyar. Kocin da ke tara yara a Tudun Wada, Sabon Gari ko Samaru a Zariya zai iya bin wannan tsari ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Ka nemi daɓen siminti, irin filin kwando ko na ƙwallon hannu da ke makarantu. Cikakken filin futsal mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, amma wanda bai kai haka ba ma zai yi wa 'yan shekara 7 zuwa 12. Ƙwallonsa lamba 4 ce, ba ta tashi sama sosai. In ba ka samu ba, ka rage wa ƙwallon yau da kullum mai lamba 4 iska kaɗan. Takalmi mai shafaffen ƙasa za su sa, don mai ƙusoshi yana zamewa a siminti, ya jawo targaɗe.

Atisaye sau uku a mako bayan la'asar, awa ɗaya, ya wadatar. Minti 15 na farko kowane yaro da ƙwallo a ƙafarsa, yana tarewa da tafin ƙafa, yana ja, yana juyawa, dama da hagu. Ragowar lokacin wasa ne. In ƙwallo ta fita, da ƙafa ake dawo da ita cikin daƙiƙa 4, kuma wannan dokar ce ke koya wa yaro ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi. Kada ka bar mutum takwas-takwas su cunkushe a filin don tausayin masu jira. Da zarar an yi yawa, yaro sai ya yi minti biyar bai taɓa ƙwallo ba, amfanin ya tafi. Gara a raba su rukuni uku, ana canji duk minti 7.

Wajen shekara 13 sai a fara haɗawa da babban fili. A nan za ka ga yaro yana riƙe ƙwallo fiye da kima, numfashinsa yana yankewa, doguwar bugu tana gagararsa. Ka ware rana ɗaya a mako don bugun mita 25 zuwa 30 da gudu ba ƙwallo.

Sai maganar takardu, inda yaranmu suka fi faɗuwa. A Burazil ɗan wasa yana sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru yana da shekara 16. Dokar FIFA kuma ta hana kai yaro ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika 18, sai da 'yan dalilai ƙalilan. Real Madrid ta kammala cinikin Vinicius da Flamengo a 2017, amma sai 2018 ya tafi, bayan ya cika 18. Endrick ma an daidaita da Palmeiras a Disamba 2022, ya jira har Yuli 2024. To duk wanda ya zo wa uban yaro ɗan shekara 15 cewa a sayar da gona a biya kuɗin biza zuwa Turai, a nemi lasisinsa na wakilin 'yan wasa daga FIFA da takardar gayyata daga ƙungiyar, sannan a tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye.

A karɓo wa yaro takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidaya, kada a taɓa rage masa shekaru. Tun gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009 ake ɗaukar hoton MRI na wuyan hannu, kuma ƙashi yana nuna wanda ya girma. Koci kuma ya yi wa makarantar ƙwallonsa da kowane yaro rajista ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Kaduna. Kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23, kuma ƙungiyar da ba ta cikin rajista ba ta da hujjar karɓar ko kwabo.