Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana AC Sanyi a Tsohuwar Mota

Da zarar AC ta daina sanyi, yawancin masu tsohuwar mota magana ɗaya suke yi: gas ya ƙare, a je a ƙara. Alhali gas ɗin AC ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa kawai yake yi a cikin rufaffun bututu. In ya ragu, akwai kafar da yake zurarewa, kuma wanda aka ƙara ma ta nan zai bi. Sau da yawa ma gas ɗin yana nan lafiya lau, fis ne ya ƙone ko fanka ta tsaya. Don haka a fara da abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji, a bar gas sai can ƙarshe.

Da farko ka tayar da inji, ka kunna AC, ka kai sanyi da fanka ƙarshensu, sannan ka kara hannu a inda iska ke fitowa. Idan iskar ba ta da ƙarfi, duba matatar iska. Galibi tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja, kodayake wasu tsofaffin motoci ba su zo da ita ba. Idan fanka ba ta aiki sai an kai ta lamba ta ƙarshe, razistan da ke rage mata gudu ne ya mutu. Idan ko motsi babu, fis za a fara dubawa.

To amma in iska na busowa da ƙarfi, sai dai ɗumi gare ta, buɗe bonet ka nemo kwamfireso, wato famfon da ke matsa gas yana zagaya da shi. Fulin da bel ke ja kullum yana juyawa muddin inji na aiki, kada wannan ya ruɗe ka. Abin kallo shi ne farantin da ke gabansa, wato kulocin kwamfireso. Ka sa wani ya danna maɓallin AC kana tsaye: ya kamata ka ji ƙas, farantin ya manne, ya fara juyawa tare da fuli. Ka janye hannu da bakin riga daga bel da fanka, domin fankar lantarki takan tashi ba zato.

In bai kama ba, duba fis, sannan rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa kuloci wuta. Akan sami wani rile irinsa sak a cikin akwatin fis, misali na hon. Musanya su ka gani. Daga nan a gwada ko wutar volt 12 tana isa soket ɗin kuloci. Akwai wata cuta da tsofaffin motoci suka fi fama da ita, wadda kan sa a sayi sabon kwamfireso a banza: AC ta yi sanyi da safe, inji na ɗaukar zafi ta ɗauke. Yawanci farantin ne ya cinye, tazarar da ke tsakaninsa da fuli ta yi faɗi, maganaɗisun ya kasa jawo shi idan ya yi zafi. A yawancin motoci tazarar tana tsakanin milimita 0.4 zuwa 0.8, kuma cire siririn washa ɗaya daga bayan farantin yakan gyara ta. Wani abin da ke hana kuloci kamawa shi ne makunnin da ke auna matsin gas, wanda ke yanke wuta idan gas ya yi ƙasa. Wasu kan haɗe wayoyinsa don kwamfireso ya tashi dole. Na ɗan gwaji na daƙiƙa kaɗan ba laifi, amma barin sa a haka kashe kwamfireso ne, saboda gas ɗin ne ke zagayawa da man da ke shafe cikinsa.

Idan kuloci yana kamawa, taɓa bututun ƙarfe biyu da suka fito daga kwamfireso. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har yana gumi, siririn kuma ya yi zafi, don haka a taɓa shi da hattara. Sannan leƙa kwandensa, inda gas ke hucewa, wadda take gaban lagireto. Ƙura da ganye da ƙwari sukan toshe ta. Wanke ta da ruwa marar ƙarfi don kada siraran fukafukanta su lanƙwashe. Fankar da ke hura mata iska dole ta juya idan AC na kunne. Motar da ke sanyi a kan buɗaɗɗen titi amma ta koma ɗumi a cunkoso, kusan kullum nan matsalarta take.

Sai yanzu aka zo kan gas. Karanta takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, tana faɗin nau'in gas da nauyinsa. Yawancin motocin da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1990 da R-12 suka zo, wanda aka daina yin sa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, aka koma R-134a. Ba a gauraya su, kuma man da kowanne ke tafiya da shi daban ne, bakin da ake ɗura su ma ba iri ɗaya ba ne. Da geji mai fuska biyu ake aunawa. A mota mai R-134a, inji na aiki, ɓangaren ƙaramin matsi yakan tsaya wajen psi (ma'aunin matsi) 25 zuwa 45, babban kuma 150 zuwa 250, gwargwadon zafin rana. Duka biyun sun yi ƙasa, gas ya ragu. Duka sun yi sama, ko an cika gas fiye da kima ko kwandensa ba ta hucewa. In allurai biyun sun tsaya kusa da juna alhali kuloci na juyawa, kwamfireso ya gaji.

Neman yoyo yana son haƙuri. Gas yakan fita tare da mai, saboda haka duk mahaɗar da ka ga ta yi danshin mai, ƙura ta liƙe a kai ta yi baƙi, abin zargi ce. Bi mahaɗan bututu inda zoben roba suka bushe, da gaban kwamfireso, da fuskar kwandensa inda tsakuwa ke duka, da bawul ɗin da ake ɗura gas. Ruwan sabulu zai nuna kumfa a babbar kafa; ƙarama sai an zuba rinin da ke haskawa a ƙarƙashin fitilar UV. In duk waje ya fita tsaf, saura ebaporeta, wato abin da ke sanyaya iskar, da ke cikin dashbod, kuma aikinta ne ya fi wahala.

Gyaran yoyo da ɗurin gas aikin bakanike mai kayan aiki ne, amma ka tsaya ka ga an yi shi daidai. A kwashe sauran gas da na'ura, kada a sake shi a iska. Yana ƙona fata da ido saboda tsananin sanyinsa. A canja diraya tunda an buɗe bututu, don ita ke tsotse laima. A zuƙe iska da famfo na aƙalla minti 30, a kashe, a ga ko allura za ta tsaya cak. Sannan a ɗura gas bisa sikeli, daidai giram ɗin da takardar ta ce. Duk wanda ya ce zai cika maka da gas ɗin girki, ka ɗauke motarka, domin yana kama wuta.

Wani lokaci bututu ya yi sanyi ƙarara amma iskar ciki ɗumi: ƙofar da ke raba iskar hita da ta AC ce ta maƙale a cikin dashbod. Ruwa a ƙasan kujerar fasinja tare da warin ruma kuma, ɗan tiyon da ke zubar da ruwan ebaporeta a ƙarƙashin mota ne ya toshe. Zura siririyar waya mai laushi a bakinsa har ruwan ya ɓalle, sannan ka bar fanka ta yi aiki na ɗan lokaci ba tare da AC ba don cikin ya bushe.