Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Rage Ƙiba ga Mai Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwa da Ciwon Sukari

Rage ƙiba abu ne mai wuya ga kowa, amma wuyarsa ta ninka ga wanda yake ɗauke da ciwon sukari tare da larurar taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Jikin ɗan Adam yana samar da kimanin rabin lita na ruwan ƙwaƙwalwa a kowace rana, kuma idan hanyar fitarsa ta toshe sai ya taru ya matse ƙwaƙwalwar. Shi ya sa likitoci suke dasa wa yawancin masu wannan larura siririn bututu a ƙarƙashin fata, wanda ya taso daga kai, ya bi ta bayan kunne da wuya, ya zube a cikin ciki. Wanda ke da wannan bututu, ga kuma sukari, ba zai ɗauki shawarar da ake ba kowa ya yi aiki da ita ido rufe ba.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne zama da yunwa da gangan alhali ana shan magani. Mutum zai yanke wa kansa cewa daga yau ya daina karin kumallo, amma ya haɗiye ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide ko ya yi allurar insulin kamar yadda ya saba, ya fita harkokinsa. Kafin azahar sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwaji mai ma'aunin mg/dL, ko ƙasa da 3.9 idan na'urar mai ma'aunin mmol/L ce, sai gumi da rawar hannu da ciwon kai da ruɗewa su taso masa. Matsalar a nan ita ce, ciwon kai da magagi da gani dishi-dishi su ne kuma alamomin toshewar bututu. Iyali sai su rasa inda za su dosa: wasu su ce sukari ne su yi ta ɗura masa lemo alhali bututu ne ya toshe, wasu kuma su ce ciwon kansa ne na kullum su bar shi ya kwanta alhali sukari ne ya faɗi. Gyaran shi ne a sami na'urar gwaji a gida, a kuma koya wa mutum biyu ko uku yadda ake amfani da ita. Idan an gwada an ga sukari ya yi ƙasa, a ba shi cokalin shayi 3 zuwa 4 na sukari a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan kuwa sukarin yana daidai amma ciwon kan bai sake shi ba, ko ya fara amai, ko barci yana ta fizgarsa, to ba a jira wayewar gari, a nufi asibitin da ke da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Wanda hankalinsa ya gushe ba a zuba masa komai a baki. Duk wanda zai rage cin abinci ya fara sanar da likitansa, domin sau da yawa adadin maganin ma sai an rage shi, haka kuma batun azumi, a tattauna shi tun kafin watan ya kama.

Daga nan sai shayin rage teɓa da jiƙe-jiƙen da ake talla a kasuwa da lasifika, ko a Facebook da WhatsApp. Da yawansu gudawa ko yawan fitsari suke sa wa, saboda haka abin da sikeli ya nuna ya ragu ruwan jiki ne, kitsen yana nan inda yake. Mai ciwon sukari, wanda ƙodarsa ke buƙatar lallaɓawa, bai kamata ya jefa ta cikin wannan gwaji ba, balle a zafin watan Maris da Afrilu da kowa a Zariya ya san yadda yake tsotse mutum. Ƙarancin ruwa a jiki yana tsananta ciwon kai ga masu bututu. Akwai ma masu rage shan ruwa da tunanin cewa shi ne yake hawa kai ya taru, wannan kuwa ba haka ba ne, ruwan ƙwaƙwalwa daban yake da ruwan randa.

Wani abin da ba a cika kawo shi a zance ba, wataƙila don kunya, shi ne taurin bayan gida. Tunda a ciki bututun yake zubar da ruwa, duk abin da ya ƙara matsi a cikin ciki yana iya rage gudunsa, kuma taurin bayan gida mai tsanani yana cikin waɗannan abubuwa, kamar yadda teɓa mai yawa ita ma take ciki. Masu gujewa tuwo gaba ɗaya su koma tsire da ƙwai kaɗai sukan faɗa cikin wannan hali. Maimakon haka, a rage girman malmalar tuwon, a ƙara miyar ganye, ko kuka ko kuɓewa ko alayyafo, a ci kwaɗon zogale ko na rama ba tare da an zuba sukari ba, a riƙa haɗawa da wake. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi ƙal ba ya fi tuwon farar shinkafa riƙe ciki, sai dai shi ma da awo ake cinsa. Haka acca, wadda ake yi wa kirari da abincin masu sukari: hatsi ce, kuma wanda ya cika kwano da ita zai ga sakamako a na'ura.

Abin sha kuwa nan ne ake yin ɓarna ba a sani ba. Mutum zai ce bai ci komai ba tun safe, amma ya sha koko da sukari, ya sha zoɓo mai zaƙi da rana, ya tsaya a Kwangila a Zariya ya sayi lemon kwalba mai sanyi, wanda babba ɗaya kan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi 10. Zuma da mazarƙwaila da rake duk suna ɗaga sukari, kasancewarsu na gargajiya bai sauya wannan ba.

Game da motsa jiki, kuskuren kashi biyu ne. Wasu iyalai suna killace mai bututu a ɗaki don tsoron kada ya faɗi, ko tsintsiya ba a bari ya ɗauka, sai ƙiba ta ƙaru, ƙafafu su yi sanyi, faɗuwar da ake gudu ta ƙara kusantowa. Wasu kuma, musamman matasa, sukan zabura su shiga ƙwallo ko ɗaga ƙarfe mai nauyi a rana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma ana iya rarraba shi minti 10 ko 15 bayan cin abinci. Tafiya a fili mai laushi bayan asuba ko bayan la'asar, da rufaffen takalmi, da ɗan rakiya idan jiri ko tangaɗi na damun mutum, da ɗan sukari a aljihu, ta wadatar a farko. Wanda tafiya ke yi masa wuya ya nemi a tura shi sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a koya masa motsin da ake yi a zaune. A guji wasan da ake bugun kai, a kuma duba tafin ƙafa kullum da dare saboda raunin da mai sukari ba ya jin zafinsa.

Ina ganin zaluncin da aka fi yi wa waɗannan bayin Allah shi ne ɗora musu laifin kwaɗayi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke kula da yunwa da ƙoshi, kuma matsin ruwa yana iya taɓa shi har mutum ya ci bai ji ya ƙoshi ba. Insulin da glibenclamide suna ƙara nauyi, metformin kuwa, wanda shi ma maganin sukari ne, ba ya yi, haka wasu magungunan farfaɗiya irin valproate da ake ba wasu masu wannan larura suna sa ƙiba. Ba a daina ko ɗaya daga cikinsu a gida, ana kai su gaban likita ne a tambaye shi ko akwai madadi. Buri kuma ya zama na hankali: rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, wato kilo 5 zuwa 10 ga mai kilo 100, yana inganta sukari sosai, kuma rabin kilo a mako ci gaba ne. Idan kuwa mutum ya ga yana zubewa da sauri ba tare da ya sauya komai ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, kada a yi masa barka, sukarinsa ne ya hau, a gwada shi a ranar.