Babi na Bakwai: Yadda Ake Dasa Tsamiya a Rene Ta a Gida

Iyayena da yayyena masu karatu, sannunku da ƙoƙari. A wannan babi za mu koyi yadda ake shuka tsamiya a cikin gida ko a ƙofar gida. Na zaɓe ta ne domin itaciyar ƙasarmu ce, tana jure fari, kuma ba ta zubar da ganyenta gaba ɗaya da rani kamar yadda kuka take yi. Ga inuwa, ga kuma 'ya'yan da ake dama kunu da su. Ku karanta a hankali, wanda ya kakare a wata kalma ya koma farkon layi, ba tsere muke yi ba.

Darasi na Ɗaya: Iri

A watan Maris, ku samo tsamiyar da ta nuna sosai, ku ɓare ta, ku wanke ƙwallayen da ke ciki. Duk ƙwallon da ƙwaro ya huda, a jefar da shi. Fatar ƙwallon tana da tauri, saboda haka sai ku goga gefe ɗaya kaɗan a jikin dutse ko siminti, sannan ku jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya, wato daga safiyar yau zuwa safiyar gobe. Ku nemi leda doguwa, domin saiwar tsamiya ƙasa take nutsawa, ku huda gindin ledar, ku cika ta da ƙasa da yashi da takin gida wanda ya ruɓe. Ku binne ƙwallon zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ku ajiye a inuwa kuna ba shi ruwa. Da yardar Allah cikin sati ɗaya zuwa biyu zai tsiro.

Darasi na Biyu: Wuri da Rami

A nan Zariya damina takan fara a watan Mayu ta ɗauke a Oktoba, kuma ruwan da muke samu a shekara yakan kai kimanin milimita 1,000. Ku jira sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, kafin ku dasa. Tsamiya takan kai tsawon mita 20, don haka ku nisanta ta da bango da rijiya da masai da akalla taku 10. Na san akwai masu cewa tsamiya matattarar iskoki ce. Ni dai abin da na gani da idona shi ne saiwa tana tsaga bango idan an dasa ta kusa.

Ku haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi. Idan kun tarar da marmara, wadda ba ta da wuyar samu a ƙasarmu, ku fasa ta da diga don saiwa ta sami hanya. Ku yaga ledar ku cire ta gaba ɗaya ba tare da kun watsar da ƙasar da ke jikin saiwa ba. Kada wuyan shukar ya nutse. Inda ƙasa ta tsaya mata a cikin leda, nan za ta tsaya mata a cikin rami.

Darasi na Uku: Ban Ruwa

A nan ne mafi yawanku kuke faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai. Da na ce tsamiya tana jure fari, babbar tsamiya nake nufi, wadda saiwarta ta riga ta kai inda danshi yake. Wadda kuka dasa bana jaririya ce, kuma ranin farko da na biyu ba za ta ƙetare su ba sai da ruwan hannunku.

Da zarar damina ta ɗauke, ku yi wa shukar kewaye da ƙasa kamar bakin kwarya. Ku zuba bokiti ɗaya cike, a hankali, sau biyu a sati. Ku ɗauki alƙalami yanzu ku rubuta a littafinku: Litinin da Alhamis, bokiti ɗaya. Madalla, wanda ya rubuta ya karanta wa na kusa da shi.

Dalili kuwa shi ne, ruwa mai yawa yana sauka can ƙasa, saiwa ta bi shi ta yi zurfi. Wanda yake yayyafa moɗa ɗaya kowace safiya, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwar ta tsaya a sama, ranar da ya yi tafiya kuwa zafin bazara ya ƙone ta. Saboda haka bokiti ɗaya, sau biyu a sati. Wanda kuma yake malala ruwa kullum har ya kwanta, saiwar za ta ruɓe. Idan kuna shakka, ku tura yatsa cikin ƙasa: in da danshi a ƙarshen yatsan, ku dakata zuwa gobe.

Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, mutane sukan ce ai sanyi ake yi, shuka ba ta jin ƙishi. Wannan kuskure ne, iskar hunturu busasshiya ce, tana shanye danshi. A Maris da Afrilu kuwa, idan kun ga ganye ya yi yaushi, ku ƙara rana ta uku. A rani na biyu, bokiti biyu sau ɗaya a sati ya isa.

Bara na yi wannan bayani har sau uku a aji, kowa ya gyaɗa kai, amma da na zagaya gidaje bayan hunturu, abin da na tarar a wurare da dama busasshen tsinke ne a tsaye. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai kai ka ce ba ta son ruwa." Baba, ban faɗa ba, kuma ga shi a rubuce. Wata kuma ruwan wanke-wanke mai sabulu take watsa mata. Haba jama'a! Mutumin da yake shayar da akuyarsa kullum bai kamata bokiti biyu a sati ya gagare shi ba. Ku sake karantawa da ƙarfi: Litinin da Alhamis, bokiti ɗaya.

Darasi na Huɗu: Awaki da Gara

Ku kewaye shukar da ƙaya ko waya, in ba haka ba awaki za su cinye ta a yini ɗaya. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindinta don riƙe danshi, amma kada ta taɓa jikin shukar saboda gara.

Darasi na Biyar: 'Ya'ya

Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara 6 zuwa 8, wani lokaci fiye, kafin ta fara 'ya'ya. Mai aure, wato wadda aka haɗa reshen babbar tsamiya a jikin ƙaramar shuka, takan fi sauri. Wanda yake son ƙarin bayani a kan wannan ya tuntuɓi malaman gona a Samaru.

Aikin gida: kowa ya rubuta ranakun ban ruwa a takarda, ya liƙa kusa da randa.