Tiyatar Sankarar Maƙoshi: Shiri Kafin Aiki da Kulawa Bayansa

Maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi, tsawonsa kusan santimita 25 ne. Idan sankara ta kama shi ba ta bazu zuwa hanta ko huhu ba, likita kan yanke sashen da ya kamu tare da kaluluwar da ke kewaye, aƙalla guda 15, sannan ya mayar da tumbi kamar siririn bututu, ya jawo shi sama ya ɗinke da ragowar maƙoshin. A hanyar Ivor Lewis ana buɗe ciki da gefen dama na ƙirji. A hanyar McKeown ana ƙara yanka na uku a wuya.

Galibi ba da wuƙa ake farawa ba. Idan ƙarin ya yi zurfi, ana ba da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, haɗe da hasken radiyeshan mai ƙona ƙarin na mako 5, a huta mako 6 zuwa 8, sannan a yi aiki. Wani babban bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa wannan tsari ya kai matsakaicin tsawon rayuwa wata 49, alhali tiyata kaɗai ta tsaya a wata 24.

Wannan hutun lokacin shiri ne. A bar taba aƙalla mako 4 kafin aiki, a yi tafiyar minti 30 kullum, a riƙa motsa huhu da dogon numfashi. Wanda haɗiya ta gagare shi har yana ramewa, a sa masa bututun ciyarwa tun da wuri, domin jikin da ya rasa furotin ba ya riƙe ɗinki.

Bayan aiki, abubuwa biyu ne suka fi kashe mutane: ciwon huhu da yoyon ɗinki. Raɗaɗin yankan ƙirji kan hana majiyyaci tari, majina ta taru, huhu ya kamu. Saboda haka kada ya daure ciwo; ya nemi maganin raɗaɗi, ya tashi zaune tun washegari, ya taka ko da 'yan taku kaɗan ne.

Yoyo kuwa yakan faru ne saboda saman tumbin da aka jawo shi ne ya fi ƙarancin jini, kuma a nan ɗinkin yake. Yawanci yana bayyana a cikin mako na farko ko kaɗan bayansa. Zazzaɓi, bugun zuciya sama da 100 a minti, numfashi sama-sama, ruɗewa, ko ruwan da ke fita ta bututun da aka bari a ƙirji bayan aiki ya canza ya yi dagwalo: ko ɗaya aka gani, a kira likita nan take, kada a jira safiya. Idan ruwan ya fito fari kamar madara, wata jijiyar da ke ɗaukar maiƙo ce ta tsage. Dusashewar murya kuma alama ce an taɓa jijiyar murya, kuma mai ita yana saurin ƙwarewa, don haka a gwada haɗiyarsa kafin a ba shi ruwa.

In komai ya tafi daidai, ana sallama cikin kwana 7 zuwa 14. A gida, a raba abinci kashi 6 zuwa 8 a rana, a tauna sosai, a jinkirta shan ruwa da minti 30 bayan ci. Kayan zaƙi da yawa kan zarce zuwa hanji da sauri su jawo jiri, gumi da gudawa. Tunda an cire ƙofar da ke hana abinci dawowa, kada a kwanta sai bayan awa 3 da ci, kuma a ɗaga kan gado kamar digiri 30.

Idan bayan wasu makonni abinci ya fara maƙalewa, sau da yawa tabon ɗinki ne ya tsuke, kuma ana buɗa shi da balan-balan ta bututun kyamara. Duk da haka a kai wa likita, domin dawowar sankara ta fi yawa a shekaru 2 na farko.