Kurakuran da masu jitar lantarki ke yi da feda, da yadda za a gyara

Wani ƙanina a Agege ya kira ni ranar Lahadi, murya a sanyaye: "Yaya, fedar da na sayo a Alaba ta mutu." Feda dai ƙaramar na'ura ce da ake jonawa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka ta da ƙafa don sauya sauti. Da na je, ga ta a kan tabarma tana warin ƙonanniyar roba. Lafiya lau aka sayar masa da ita. Adaftar wata tsohuwar rediyo ya jona mata, don kawai ya ga bakin ya shiga.

Wuta ce ta fi kashe feda a garin nan, don haka da ita zan fara. Galibin ƙananan fedoji irin na Boss da Ibanez wutar DC mai bolt 9 suke so, kuma tsakiyar bakin adaftar ne ke ɗauke da nagetif. Adaftocin kayan gida da yawa akasin haka suke, wasu bolt 12 ne, wasu ma AC suke fitarwa. Kafin ka jona, duba ɗan zanen da ke jikin feda da na adafta, ka tabbata sun zo ɗaya. Lambar mA kuwa, wato yawan wutar da ake ja, idan ta adafta ta fi wadda feda ke bukata babu matsala, abin da take so kaɗai za ta ja. Bolt ne ba a ƙetare iyakarsa. Sannan a kula da adaftar tokumbo daga Amurka: wasu na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce.

Akwai kuma gurnanin nan "mmmm" da ke fitowa ko ba ka taɓa tsirkiya ba. Sau da yawa waya ɗaya ce aka rarraba wa fedoji biyar, ciki har da dijital mai jan wuta da yawa. Gwada kowace da batir. Idan gurnanin ya ɗauke, ka gane daga wuta yake, sai ka nemi akwatin wuta mai raba wa kowace feda hanyarta. Mai amfani da batir kuma ya riƙa zare wayar da ke shiga feda daga jita idan ya gama, don muddin tana ciki batirin na ci.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na murɗa gen, wato maɓallin da ke ƙara kaushin sauti, har ƙarshe. Obadiraib da distoshon da fuz duk aiki ɗaya suke yi, wato datse kan igiyar sauti, bambancinsu a ƙarfin datsewar yake. Obadiraib, irin Tube Screamer, a hankali yake datsewa: ka kaɗa a tausashe ya fito kusan tas, ka danna ya yi dishi-dishi. Distoshon, irin DS-1 da Boss ta fitar a 1978, ya fi shi kaushi da jan sauti. Fuz kuwa ragargaza sautin yake yi kamar lasifikar da ta yage. A ɗakinka kai kaɗai, gen mai yawa na da daɗi, na sani. Amma je ka wurin biki a Idi-Araba, ganga na tashi, kalangu na magana, mai fiyano na nasa, za ka tarar jitarka ta koma ƙugin ƙudan zuma, ba wanda ke rarrabe abin da yatsunka ke yi. Mayar da gen ƙasa da rabi, ka ɗaga lebul, wato maɓallin ƙara, kada kuma ka kwashe sautin tsakiya, nan muryar jita take. Taka fedar ka sake takawa, ka saurara, kada ƙarar ta faɗi ko ta zabura.

Jeri ma na da tasiri. Abin da aka saba: jita, tuna (mai saita tsirkiya), wa-wa (mai sa jita ta yi kukan "wa-wa"), kwamfiresa (mai daidaita ƙarfin sauti), obadiraib ko distoshon, koras, dile, sai ribab, sannan amfilifaya. Ba doka ba ce, amma sa dile kafin distoshon ka ji yadda maimaicin ke cakuɗewa kamar fate.

Dile da ribab, mutanenmu duka biyun "eko" suke ce musu, alhali dile daban, ribab daban. Dile maimaita maka abin da ka kaɗa yake yi, kamar ka yi kira a gindin dutse ya amsa. Ribab shi ne wutsiyar da sauti ke bari a ɗakin da ba kaya. Zauren biki mai tayil da rufin kwano ya riga ya ba ka ribab kyauta, in ka ƙara naka sai kiɗan ya nutse. Shi kuwa dile, daidaita tazararsa da bugun ganga, maimaici biyu ko uku sun isa. Koras yana sa jita ɗaya ta zama kamar biyu, amma in ka cika masa sauri sai a zaci ba ka saita tsirkiya ba.

Kafin ka yanke wa feda hukunci, duba waya. Laimar Legas da iskar teku na sa bakin waya tsatsa, musamman ga na wajen Obalende. Jona jitar kai tsaye a amfilifaya, sannan ka riƙa ƙara feda ɗaya-ɗaya har ka kama inda ƙarar ke tsinkewa. Kuma kada ka ari wayar lasifika ka sa wa jita, ba ta da rigar da ke tare hayaniya.